Malam Kefas da Kwamfutar Ofishin Gona

Sunana Yahanasu, ɗiyar Malam Mahmuda mai makarantar allo a Dutsin-Ma. Na yi shekaru ina buga takardu a ofishin aikin gona na shiyyarmu, kuma abin da na sani na kwamfuta daga hannun mutum ɗaya ya faro. Sunansa Kefas. Mu dai Malam Kefas muke ce mashi, ko da yake da farko yakan yi dariya ya ce bai yi karatun da za a kira shi malam ba.

Mutumin ƙasar Pankshin ne, can cikin duwatsun wajen Jos. A shekarar 1975 ya iso Dutsin-Ma a bayan wata babbar mota, shi da matarsa Lai'atu da jaririyarsu Mabel, da wani akwatin ƙarfe cike da sukuddireba da filaya da ƙananan kwalaben mai. Gwamnati ce ta turo shi gyaran injunan ofis, wato tafireta da injin gurza takardu da rediyon oba-oba da ake magana da Kaduna da shi. Suka kama hayar ɗaki biyu a bayan gidanmu, katanga ɗaya ta raba mu. Lai'atu na da keken ɗinki, kuma kafin shekara ta zagayo rabin matan unguwa ita ke yi masu ɗinkin salla. Shi kuwa, ranar da lasifikar masallacin mahaifina ta fara shaƙewa, ba wanda ya kira shi. Daga tsakar gidansu ya ji ta, ya ɗauko kayan aikinsa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa har aka idar da la'asar, sannan ya gyara ta. Tun daga ranar suka saba da Baba. Ran Lahadi in sun taso daga coci yakan tsaya a zaure su gaisa, Baba ya tsokane shi da zancen duwatsu, shi kuma ya ce namu na Dutsin-Ma in aka kai su garinsu jikoki ne.

Gajere ne, mai sanƙo tun yana saurayi, ba ya gaggawar magana. Hausarsa ta Jos ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, sai ka ji ya ce mota ya lalace, Mabel ya tafi makaranta. Yaran unguwa su yi ta kwaikwayonsa, shi ko a jikinsa.

Da na gama makaranta na koyo bugun tafireta a Katsina, shi ne ya zo ya shaida wa Baba ana neman mai buga takardu a ofishinsu. Baba bai amince nan take ba, don a lokacin ba kasafai ɗiyar malami ke aikin ofis ba. Can ya ce, "Kai kana wurin kullum?"

"Ina wurin, Malam, in ba an aike ni ƙauye ba."

"To, ta je."

Haka na fara aiki a 1979. A ofis na ga yadda yake gyara. In tafiretarka ta samu matsala ba ya buɗe ta nan take. Sai ya ce ka zauna ka buga abin da ka saba bugawa, shi kuma ya ja kujera gefe yana kallon yatsunka. Sau da yawa kafin ka kai ƙarshen layi ya gane abin da ke damun ta.

Muka yi shekaru a haka. A 1988, bayan an ba mu jihar Katsina, sai aka kawo wa ofishinmu kwamfuta uku. Biyu suka zauna a Dutsin-Ma, ɗaya aka kai ƙaramin ofishinmu na Kurfi, inda ake ajiye taki da iri. Aka tura Malam Kefas kwas Kaduna na 'yan watanni, ya dawo da manyan littattafai da sabon tabarau.

Wanda ya san kwamfutar yanzu ba zai gane waccan ba. Ba hoto, ba abin taɓawa. Baƙin allo ne kawai da wani ɗan guntun layi yana ƙyaftawa, yana jiran ka rubuta mashi umarni da Turanci ka danna babban maɓalli. In ka kuskure harafi ɗaya ta ce ba ta san abin da kake nufi ba. Aikinmu kuma a bisa faifai muke ajiye shi, wani ɗan lallausan abu cikin baƙar riga, wanda ake zurawa a bakin injin.

Mun sha wuya a watannin farko. Sai in gama buga dogon rahoto, in zo ajiyewa, ta ce faifai ya cika, alhali ba ta gaya mani tun farko ba. In aka ɗauke wuta, kwanan wata ya koma farkon Janairun 1980, mu kuwa ba mu lura. Firinta ta yi shiru, ba ka san takarda ce ta ƙare ko waya ce ta zame ba. Duk akwai hanyar bincika waɗannan, amma kowanne da umarninsa daban, kowanne da tasa amsar cikin Turancin da ko shugabanmu Alhaji Tukur sai ya ɗage tabarau. Mu na Dutsin-Ma da sauƙi, tunda sai mu leƙa mu kira Malam Kefas. Wanda ya fi jin jiki shi ne Malam Sabi'u, ma'ajin sito na Kurfi. Dogo ne mai ƙarancin magana, ɗan gidan malamai, Larabcinsa ya fi Turancinsa nesa ba kusa ba. In injin ta ƙi, sai dai ya kashe janareta ya ba direba saƙo, ya jira.

Wannan ne ya sa Malam Kefas ya zauna ya rubuta ɗan ƙaramin firogiram, abin da yaran yanzu ke kira manhaja. Nufinsa a samu umarni ɗaya wanda in ka rubuta shi, injin ta gaya maka halin da take ciki gaba ɗaya. Wata safiya ya kira ni gaban allon, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Malama Yahanasu, rubuta LAFIYA, ki danna."

Na rubuta, na danna. Sai ga taurari sun jeru sun zagaye allon kamar adon bakin zane, a tsakiya sunan ofishinmu da manyan baƙaƙe, ƙarƙashinsa sunansa. Daga nan rubutu ya yi ta zubowa, layi bisa layi, na sama suna gudu suna ɓacewa kafin in karanta. Da ya tsaya, abin da ya rage a ƙasa shi ne: KWAMFUTA YANA LAFIYA LAU.

"Yaya kika gani?"

"Ya yi kyau ƙwarai," na ce, don maƙwabcinmu ne, kuma ya girme ni.

Ya bar mani shi. Amma cikin makon sai na lura duk lokacin da zan fara aiki yana nan kusa, wai yana goge wata tafireta. Ran nan ya ajiye tsumman ya ce, "Na ga kina rubuta LAFIYA, amma ba ki kallon abin da ya fito. Kai kike kawarwa. Me ya sa?"

Na ji kunya, amma tunda ya tambaya na gaya mashi. Na nuna mashi layin da ke faɗin wurin da ya rage a faifai, wata doguwar lamba ce kamar ta motar gwamnati. Na ce, "Baban Mabel, wannan lambar ba ta gaya mani komai. Ni abin da nake son sani, rahoton da ke hannuna zai shiga ko ba zai shiga ba?"

"Da me kike auna rahoto?"

"Da shafi."

Ya sa na kawo tsofaffin rahotannina, ya auna yawan abin da shafi ɗaya ke ci. Da aka kwana biyu layin ya koma yana cewa saura kamar shafi kaza. Ban sake rasa rahoto saboda cikar faifai ba.

Da na ga bai yi fushi ba sai bakina ya buɗe. Na ce mashi kwamfuta mace ce, tana lafiya ake cewa, takarda ma haka. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tashi ya ba ni kujerar, ya ce in bi layukan in gyara mashi Hausa. A nan muka ci karo da wata matsalar. Injin ba ta da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, don haka in tana so ta ce abu ya ƙare sai ta rubuta kare. Malam Sabi'u ya aiko direba ya tambaya wane kare ne ya shiga firinta. Muka zauna muka sauya kalmomin da ke iya rikita mutum, inda aka ce ya ƙare muka sa babu saura, ko ya cika.

Maganar taurarin ce ta fi wuya. Su ke cinye rabin allo, su ne kuma ke tura layukan da muke buƙata sama su ɓace. Na daɗe ina juya yadda zan faɗa, don na san ya ɓata lokaci wurin jera su. Ranar da na faɗa, ya cire tabarau ya goge, ya ce, "To, na ji." Bai sake tayar da zancen ba har aka tashi.

Da yamma na zagaya gidansu karɓar ɗinkin Inna. Lai'atu na kan keke, ta dube ni tana murmushi. "Ke ce kika taɓa taurarin? Tun da ya dawo yake zaune bayan ɗaki, ko tuwo bai ci kirki ba. Ya ce Mabel ce ta zana mashi su a takarda kafin ya sa a inji."

Na ce zan je in ba shi haƙuri.

"Kada ki je. In kika ba shi haƙuri zai bar su a allon, kuma ya san gaskiya kika faɗa. Ƙyale shi, zai huce."

Ran Litinin na rubuta LAFIYA, sai ga 'yan layuka ƙalilan a fili, ba tauraro ko ɗaya, har sunansa ya cire. Na ce ai da ya bar sunan. Ya ce duk wanda ke amfani da abin ya san inda zai same shi.

Duk Laraba yakan hau babur ɗinsa ya tafi Kurfi, ko an kira shi ko ba a kira shi ba. Ya zauna bisa buhun taki yana kallon Malam Sabi'u na aiki. A can ya gano maganar kwanan wata. Injin takan tambayi kwanan wata in an kunna ta, Malam Sabi'u kuwa yakan danna maɓalli ya wuce, don bai san tambaya ba ce. Shi ya sa rahotonsa na ruwan damina ya iso da kwanan watan Janairun 1980, har Alhaji Tukur ya ce ashe a Kurfi da sanyi ake shuka. Malam Kefas ya ƙara layi mai cewa kwanan watan nan bai yi kama da na yau ba, gyara shi kafin ka fara.

Sai Malam Sabi'u ya roƙi wani abu. Ya ce in ya gaya wa mai unguwa a Birchi cewa za a raba iri sha biyu ga Yuni, tambayar farko ita ce nawa ga wata ke nan. Ko injin za ta iya nuna kwanan watan Musulunci a gefen na Bature?

Littattafan Kaduna ba su da wannan. Sai Malam Kefas ya zo wurin Baba. Ina kai masu ruwa a zaure na iske shi zaune bisa tabarma, ya tuɓe takalma, Baba na jera mashi sunayen watanni yana maimaitawa. Baba ya nuna mashi yadda malamai ke lissafin wata mai talatin da mai ashirin da tara, sannan ya ce, "Amma ka sani, Kefas, lissafi ba shi ke tsayar da wata ba. Gani ne. Injinka na iya cewa yau ɗaya ga wata, gari kuma bai ga komai ba."

"To in ya saɓa, Malam, wa za a bi?"

"Gari."

Don haka Malam Kefas ya sa ta riƙa rubuta "bisa lissafi" a gefen kwanan watan, ya kuma yi hanyar da mai aiki zai matsar da shi gaba ko baya in an ga wata. Baba bai taɓa ganin kwamfutar ba sai ranar da aka gama wannan. Ya zo ofis da sandarsa, ya duba allon ya ga sunan watan da muke ciki, ya gyaɗa kai ya koma.

Daga nan kowa ya samu abin cewa. Akawun ma'aikata na son ta nuna sunayen duk abin da ke cikin faifai, wani na son ta faɗi ranar mako, Alhaji Tukur na son amsar ta zo da Turanci saboda baƙi daga Katsina. Malam Kefas ba ya iya ce wa mutum a'a, ya yi ta ƙarawa har layukan suka sake fara gudu sama. Ni na sake yi mashi magana, na ce ta koma surutu. Wannan karon bai ɓata rai ba. Ya raba abin biyu: in ka rubuta LAFIYA ta ba ka abin da kowa ke buƙata kafin ya fara aiki, in kana son sauran ka rubuta LAFIYA DUKA, mai son Turanci kuma ya ƙara TURANCI.

Muna cikin jin daɗin abin, da kakar shekarar, sai babbar matsala ta faru. Tun farkon damina Malam Sabi'u ke shigar da bayanan da malaman gona ke kawo mashi daga ƙauyuka, na yawan ruwan da aka yi da abin da gonakin gwaji suka ba da. In ya shigar sai ya mayar wa kowa takardarsa. Duk a faifai ɗaya yake ajiyewa, kuma kullum da safe in ya rubuta LAFIYA sai ta ce mashi lafiya lau. Da lokacin haɗa rahoton shekara ya yi, ya kawo faifan da kansa, a naɗe cikin ƙyalle. Na zura shi, sunayen ayyukan suka fito daidai. Na buɗe na farko, injin ta yi ta gurnani, ta ce ba ta iya karantawa. Na biyu ma haka. Fiye da rabin aikin damina ya lalace, ga Katsina na jiran rahoto.

Aka kira Malam Kefas. Ya gwada duk dabarar da ya sani, abu ya ƙi. Ya tambayi Malam Sabi'u inda yake ajiye faifan. Ashe a 'yan kwanakin nan cikin aljihun tebur yake sa shi, tare da wani maganaɗisun tsohuwar lasifika da yake tara allurai a jikinsa. Ba wanda ya taɓa gaya mashi maganaɗisu na ɓata faifai. LAFIYA kuwa, kamar yadda Malam Kefas ya bayyana mana da bakinsa, farkon faifan kawai take dubawa, inda sunaye da yawan wurin da ya rage suke. Ba ta taɓa leƙa cikinsa ba. Shi ne ya sa mata ta ce lafiya lau in ta gama jera layukanta.

Alhaji Tukur ya fusata. Ya ce daga yau a cire wannan abu daga injunan gwamnati, a koma umarnin da Turawa suka zo da shi. Malam Kefas na tsaye, hannuwa a baya, ya ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne. Ni na rubuta kalmar, ni ne kuma ban gargaɗe shi ba."

Malam Sabi'u, wanda aikinsa ne ya salwanta, shi ne ya yi gyaran murya. "Alhaji, in an cire ta ni aka hukunta, don ni ke zaune nesa. A bar ta, a dai hana ta faɗin abin da ba ta sani ba." Ya juya wurin Malam Kefas. "Ban zo da faɗa ba. Mu mutane in aka ce ina kwana sai mu ce lafiya lau ko da ciwo muka kwana, haka aka tarbiyyantar da mu. Amma wannan ba mutum ba ce, ba ta da wanda za ta ji wa kunya. Abin da ta duba ta faɗa. Wanda ba ta duba ba, ta ce ban duba ba."

Alhaji ya dube su su biyun, ya ce shi dai rahoto yake so a tebur kafin ƙarshen wata, ya shige ofishinsa.

Washegari da sassafe Malam Kefas ya ɗaure jaka a bayan babur. Ya bi malaman gona ɗaya bayan ɗaya, Birchi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, yana karɓo takardun da aka mayar masu. Wani ya same shi a gida, wani sai ya bi shi gona, wani kuma matarsa ta riga ta naɗe ƙuli-ƙuli da takardar, sai da aka warware aka shanya. Da ya ji cewa malaman gona na Shema da Makera sun taɓa kwafar wasu alƙaluman don kwatantawa da nasu, can ma ya je. Abin da ya kawo da yamma, ni da Malam Sabi'u mu shigar washegari, shi yana karantowa ina bugawa. Lai'atu ta riƙa kawo mana abincin rana a ofis, wata rana gwate irin na garinsu, wanda Malam Sabi'u ya fara ci da ɗari-ɗari ya ƙare da neman ƙari. Ba mu samu komai da komai ba. Na ƙauye biyu sun ɓace, haka muka rubuta a rahoton cewa babu su. Amma rahoton ya tafi Katsina a kan lokaci.

Bayan nan Malam Kefas ya sake wa LAFIYA zubi. Ya goge lafiya lau ɗin nan na ƙarshe. Kowane layi ya riƙa faɗin nasa: firinta tana amsawa, kwanan wata ya yi daidai, saura shafi kaza, cikin faifai ban duba ba. In kana son ta duba sai ka rubuta LAFIYA FAIFAI, ta bi shi tun daga farko har ƙarshe, abin da ke ɗaukar lokacin da mutum zai sha shayi. Ya ƙara mata tambaya guda a ƙasa: ka yi kwafi na biyu? Sannan ya tara mu duka, har da masinja da direba, ya ɗauko wani tsohon faifai da maganaɗisun Malam Sabi'u, ya goga a gabanmu, ya zura ya nuna mana abin da ya faru.

Cikin 1989 mahaifiyar Malam Kefas ta kwanta ciwo a gida, ga shi shi ne babba. Ya nemi a mayar da shi kusa, aka yi ta jan maganar har aka amince wajen ƙarshen shekara. Da takardar ta fito sai ya ce mani daga yau in an tashi aiki in tsaya kaɗan. Ya buɗe mani cikin LAFIYA, layukan da shi kaɗai ke gani a da, ya riƙa bi da ni ɗaya bayan ɗaya: wannan ke tambayar firinta, wannan ke lissafin shafi, in kika taɓa nan sai kin taɓa can. Na ce ni mai buga takardu ce, ina ni ina wannan.

"Rabin abin da ke ciki ke kika faɗa," ya ce. "Rubutawa kawai na yi. Zauna ki sauya wannan layin in gani."

Na zauna na sauya. Ta ƙi tashi. Bai nuna mani kuskuren ba, ya harɗe hannu ya jira har na gano da kaina cewa alamar rufe zance na manta.

Ranar tafiyarsu unguwa ta cika ƙofar gida. Inna da Lai'atu suka rungume juna suna kuka. Mabel, wadda ta zama budurwa mai Hausar Katsina tsantsa, ta yi ta zagaya gidaje tana sallama. Baba ya riƙe hannun Malam Kefas ya daɗe yana yi mashi addu'a, shi kuma kansa a sunkuye yana cewa amin. Malam Sabi'u ya zo tun daga Kurfi da buhun gero da zabi biyu, ya ɗora a mota, sai da direba ya tayar sannan ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam Kefas. A gaida Mama da jiki."

Na ci gaba da aikin kwamfuta har na yi ritaya, injuna suka yi ta sauyawa, na koya wa 'yan mata da yawa a garin nan. Duk wanda ya tambaye ni inda na koya nakan ce wurin maƙwabcinmu, kuma ina gode wa Allah da ya haɗa mu katanga da shi.

Ba a daɗe da tafiyarsa ba aka ba Malam Sabi'u mataimakiya, wata Ramlatu. Ran nan ya aiko direba da saƙo: yarinyar na da ƙoƙari, amma sauri gare ta, ba ta tsayawa karanta gargaɗi. Ko za a iya sa injin ta yi ƙara in akwai matsala? Na duba ofis, ba wanda zan miƙa wa. Na ɗauko ɗaya daga cikin littattafan da Malam Kefas ya bar mani, na nemo umarnin da ke sa ta yi ƙara, na sa shi inda nake zaton ya dace. Da na gwada sai ta kama kuka ba tsayawa, har masinja ya leƙo, dole na kashe ta daga bango. Na sake zama na bi layukan a hankali, na gano na sa shi cikin wurin da ke maimaita kansa. Na fitar da shi, na sa ta yi ƙara sau uku ta yi shiru, na kwafa a faifai na ba direba.

Da ya dawo daga Kurfi ya ce Malam Sabi'u na gaisuwa, ƙarar ta yi, Ramlatu ta fara tsayawa. Sai dai ya ce sau uku ya yi yawa, manoman da ke layin karɓar iri suna zaton wani abu ne ya ƙone. Na ja kujera na mayar da ita sau ɗaya.